Kujerar Gaba

Litinin, da hantsi

An kawo tayoyin. Mai Faci ne ya turo su a kura, guda huɗu, kowace ta kusa kai min ƙugu, da haƙora kamar na tarakta. Ya jingine su a bangon tsakar gida ya tsaya yana haki, ya ce, "Injiniya, wai yaƙi za ka?" Na ce yaƙin ne, matsa min daga hanya. Shekara da shekaru shagonsa na facin taya yana jikin garejina kafin in rufe, har yau bai koyi yin shiru ba.

A-kori-kurar tana nan a kan katako inda na ɗaga ta, ba taya ko ɗaya. Tsohuwa ce, amma injinta lafiya lau, giyar da ke jan tayoyi huɗu kuma na kwance na wanke na mayar. Saura in ƙara mata tsayi. Hanyar garin su Malama ta mutu tun da ruwa ya cinye gada. Yanzu sai an gangara cikin rafi an tsallaka, a bi ta kan duwatsu a hau tudu, babur ma sai an sauka an tura. Motar gari in ta shiga, a can za ta baro cikinta.

Malama ta ce tana son ta ga Yaya. Ranar da muka dawo daga asibiti ta faɗa, muna cikin tasi, ko dubana ba ta yi ba. Yaya ce ta raine ta bayan rasuwar uwarsu. Tana can kan tudu, idonta ya tafi, ƙugunta ya ƙi, ba ta hawa babur. Na ce to a aika a gaya mata mana. Malama ta ce, "Ba wanda zai gaya mata komai. Ni ce ƙarama, ni zan je. Tunda ba ta gani, in na zauna kusa da ita na yi surutuna, ba abin da za ta sani." Na ce zan kai ki. Ta ce da wace motar? Na ce da waccan ta tsakar gida. Ta yi dariya har ta riƙe gefen ciki.

Ni da na aure ta ma Malama nake ce mata, tun tana koyarwa. Ita kuma ta laƙaba min Injiniya don tsiya, unguwa ta ɗauka.

Litinin, da yamma

Ta sha shayi rabin kofi. Maƙwabta sun shigo, na ce da sauƙi.

Laraba, da rana

Sifirin baya na kwance yau. Fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da bayan mota duk sun gaji sun kwanta. Na je wurin 'yan gwangwan na samo na wata babbar mota, na yanke su daidai, na ƙara mata uku a kowane gefe. Da na ɗaure na hau na yi tsalle a kai, ko gezau. Haka nake so. Duk zaman da na yi a gareji ba wanda ya taɓa kawo min a-kori-kura ya ce in rage mata ƙarfi. Kowa sai, "Injiniya, ƙara mata falle, siminti za ta ɗauka."

Malama ta sa na juya mata gado ya fuskanci taga don ta riƙa ganin aikin. Tana kallo tana ba da maki kamar a aji. Da sufana ta kuɓuce na buge yatsa na saki wani zagi, sai na ji daga taga, "Sifiri bisa goma. Maimaita da ladabi." Na ce motar ce ba ta da tarbiyya. Ta ce, "A hannun wa ta tashi?"

Ta ci burodi yanka ɗaya, ya zauna.

Alhamis, da safe

Ashe bai zauna ba. Na wanke zanen gado na shanya a bayan gida, inda ba a gani.

Juma'a, da la'asar

Auta ta iso, ta baro 'ya'yanta wurin mijinta. Cikin 'ya'yanmu ita ta kwaso bakina kaf. Ta shiga wurin uwarta ta daɗe, ta fito ta same ni a ƙarƙashin mota ina yankan ƙarfe. Ƙafafunta kawai nake gani.

"Baba, kashe abin nan."

Na kashe.

"Ƙarar nan har cikin kanta take shiga. Mama na ciki a kwance, kai kana nan kana fama da ƙarfe tun safe. Haba, Baba!"

Na ce ai ita ta ce in yi. Ta ce, "Cewa ta yi tana son ganin 'yar'uwarta, ba ta ce ka tare a tsakar gida ba." Raina ya ɓaci. Na ce tun ba a san za a haife ta ba nake kula da matar nan, kada ta zo yau ta koya min. Da ƙarfi na faɗa. Daga taga ba a ce uffan ba, ba maki ba komai.

Ban sake kunna injin yankan ba. Da zarto na ƙarasa.

Asabar, da rana

Na liƙa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa mata ciki. Bututun shan iska kuma na ja shi ta gefen gilas har saman rufi, ko ruwan rafi ya kai ƙofa ba za ta shaƙe ba. Mai Faci ya zo ya zauna a kan taya yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. Ya ce bututun kamar hancin giwa. Ya ce yadda nake ɗaga motar nan sai an haɗa wa fasinja da tsani. Na ce in ba ka da aikin yi ka riƙe min fitila.

Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya daɗe yana kallona, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita ya manta hularsa a kan injin walda.

Ni da Auta muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Litinin, da yamma

Asibiti. Likita ya yi magana mai tsawo, Auta ce ta riƙa amsa masa. Ta tagar ofishinsa ana hango wurin ajiye motoci. Akwai wata farar mota da tayarta ta baya ke cin gefe ɗaya, mai ita bai sani ba, wata rana za ta fashe masa a titi. Ita na yi ta kallo. An canza magani. An ce ba sai mun riƙa wahalar zuwa ba, a riƙa yi mata a gida.

A bakin ƙofa Auta ta ce, "Baba, ka ji abin da ya ce?" Na ce na ji.

Talata, da yamma

Birki. Duk yini birki.

Alhamis, da rana

Mun sauke ta daga kan katako. Tabɗi! Ni kaina sai da na ja da baya na ɗaga kai. Na ɗauki Mai Faci muka tafi tsohon ramin fasa dutse da ke bayan gari. Na sa mata giyar tayoyi huɗu ta hau gangaren nan ko tari ba ta yi ba. Na shiga kududdufi da ita, ruwa har gindin ƙofa, ta fito tana huci. Mai Faci ya yi ta buga kai a rufi yana salati, yana cewa haƙoransa guda nawa suka rage da zan ƙarasa masa su. Na yi dariya. Rabon da in yi dariya irin wannan na manta.

Na dawo na tsaya a taga na ce, "Malama, motarki ta hau dutse." Ta ce, "Takwas bisa goma. Sauran biyun sai na gani da idona."

Juma'a, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Malama ta tashi da ɗan ƙarfi, ta ce a gwada da ita, ko zuwa ƙarshen layi ne. Auta ta ce a'a, ita ta ce i, aka yi yadda ta ce kamar kullum. Ta yafa mayafinta mai ruwan toka, muka riƙo ta har gindin mota. Na buɗe ƙofa. Kujerar tana daidai ƙirjinta. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ko rabin hanya ba ta kai ba. Ta dube ni ta ce, "Injiniya, jirgin sama ka ƙera?" Auta ta kawo benci, bai isa ba. Sai na ɗauke ta cak na ɗora. Ba zan rubuta yadda nauyinta yake ba.

Na tayar, na fita a hankali. A bakin ƙofar gida akwai 'yar kwata da aka rufe da siminti, keke ma yana haye ta ba a sani ba. Tayar baya tana hawa, motar ta yi tsalle ta dawo ta daki ƙasa. Malama ba ta yi ƙara ba. Mayafin ta cusa a baki ta cije, gumi ya keto mata a goshi. Ta ce, "Ci gaba." Na ci gaba, don wauta. A rami na biyu ta ce, "Tsaya," da wata murya da ban san ta da ita ba.

Gida uku kawai muka wuce. A hannu na dawo da ita, 'yan layi suna kau da kai.

Sai da ta samu barci na fito na tsaya a gaban motar na gane abin da na yi. Sifirin da aka ƙara wa falle, sai an danne shi da kaya mai nauyi yake laushi. In ba kaya, sandar ƙarfe ne kawai, duk abin da taya ta taka sai ya taso ya shiga ƙashin wanda ke zaune. Na san wannan. Ko daga barci aka tashe ni na san shi. Amma hannuna ya saba, motar siminti ya sake haɗawa. Rafi na yi ta tunani, da duwatsu, da tudu. Ko sau ɗaya ban zauna na yi tunanin jikin da zai hau kujerar nan ba. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, don kwanakin da na zubar a kan sifirin nan ba nawa ba ne.

Asabar, da safe

Na mayar da motar kan katako. Duk abin da na ɗaure ina kwancewa. Notocin da na matse da dukkan ƙarfina yanzu sun ƙi ni, sai da na sa bututu a bayan sufana na hau da ƙafa.

Auta ta fito da kofin shayi ta ajiye kusa da kaina, ta tsuguna ta ce, "Me zan riƙe?" Ba ta ce ai ta faɗa ba. Da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Na ba ta fitila, daga baya na ba ta sufana. Ashe ta san lambobinsu, tun tana ƙarama da take kai min abinci gareji.

Lahadi, da yamma

Na zare fallayen da na ƙara duka, na zare ɗaya daga nata na asali. Ta sauko kaɗan, ba yadda zai hana ta haye dutse ba. Na jera buhunan yashi a baya don su danne ta. Mai Faci ya zo da kujerar wata tsohuwar motar gida, mai laushi, wadda ake kwantar da bayanta. Ya yanka tsohuwar taya ya jera robar a ƙarƙashin ƙafafun kujerar, ya rage wa tayoyi iska har suka ɗan yi ciki. Ni kuma na yi waldar matakala mai hawa biyu, ana naɗe ta a ƙarƙashin ƙofa. Tun da ya shigo har ya fita bai ambaci tsani ba. Bai ma yi magana ba, in ban da "miƙo" da "riƙe".

Malama ba ta ce a buɗe labule ba yau.

Talata, da la'asar

Na ɗora kwano cike da ruwa a kan kujera na bi layi. Da na dawo rabin ruwan yana ƙasa. Na ƙara buhu, na rage iska, na sake cika kwano na sake fita. Matan layi sun ɗauka na taɓu, wata har ta tambayi Auta ko lafiyata.

A zagaye na ban san nawa ba Auta ta sauke kwanon ta ce, "Kwano ba ya jin ciwo, Baba. Ni zan zauna." Ta kwantar da kujerar ta rufe ido. Duk ramin da muka taka sai ta ce, "Wannan ba komai," ko ta ce, "Wannan ya taɓa ƙugun hagu, ba za ta iya ba." Ita ke juya uwarta a gado, ta san kowane wuri. Ni ban san ƙugun hagu ne ya fi ba. Ban san ƙasan bayanta ba ya son a taɓa ba. Na tsaya na cusa matashi inda ta nuna, muka sake bi.

Muna kusa da ramin dutse ta daina cewa komai. Na duba, idonta a rufe, hawaye yana gangara cikin kunnenta. Ban tsaya ba, ita ma ba ta ce in tsaya ba. Muka zagaya sau biyu kafin mu koma gida.

Laraba, da yamma

Ta yi. Kwano ya je ƙarshen layi ya dawo, abin da ya zube bai kai cokali ba. Na gaya wa Malama. Ta ce, "Asabar. A wanke min shuɗin zanen nan."

Ta sha shayi, kurɓa uku. Maƙwabta sun shigo, na ce da sauƙi.

Asabar, da asuba

Ba yau ba.

Lahadi, da safe

Ba yau ba. Na tayar da injin ya yi zafi, na kashe.

Litinin, da rana

Mun gwada zaunar da ita a bakin gado, don mu gani. Shuɗin zanen yana nan a goge a kan akwati.

Talata, da yamma

Yau ban taɓa mota ba. Ba abin da ya rage a yi mata, na duba na sake dubawa. Na zauna a ɗaki kusa da Malama tun safe, ban san inda zan ajiye hannuwana ba. Ta ce warin man inji nake yi. Na ce in je in yi wanka? Ta ce a'a, zauna.

Can ta ce, "Injiniya, ni da kai wa ya fi taurin kai?" Na ce ke. Ta ce, "Daidai." Ta lumshe ido har na ɗauka ta yi barci, sai ta ce, "Je ka ɗauko min Yaya."

Na ce to.

"Amma kada ka gaya mata komai. Ka ce na yi kewarta ne, aiki ya hana ni zuwa."

Na ce wane aiki, ke da kika bar koyarwa tuni? Ta ce, "Ka ƙirƙiro mana. Kai ba makanike ba ne? Ƙarya ce za ta gagare ka?"

Na fita na zauna a kan matakalar motar. Wallahi zuciyata kamar ta fashe. Don Malama na yi matakalar nan.

Juma'a, da safe

Jiya ban samu rubutawa ba.

Na fita tun duhu bai gama washewa ba. Titi ba matsala. Inda kwalta ta ƙare na rage iska, na sa giyar tayoyi huɗu. Rafin ya fi yadda aka ba ni labari, ruwan ya haura gindin ƙofa, na ji duwatsu suna gurzar farantin ƙasa. Ta haye. Tudun ma ta haye, sau ɗaya kawai ta zame na ja da baya na sake ɗaukowa. Mutanen garin suka fito suna kallo, sun ce rabonsu da ganin mota a ƙofar gida tun kafin gada ta tafi.

Yaya tana zaune a inuwar bango, ta ƙara ƙanƙancewa. Tun kafin in yi sallama ta ce, "Wannan tafiyar ta mijin 'yar nan ce, mai jan ƙafa." Na durƙusa na gaishe ta. Na ce Malama ta yi kewarki, ta ce in zo in ɗauke ki ki kwana biyu, ita aiki ya riƙe ta, makaranta sun roƙe ta ta dawo ta taimaka musu. Na tsara ƙaryar tun daga rafi, ta fito sumul.

Yaya ta juyo da fuska inda muryata take. Sannan ta ce, "Tunda na aurar da yarinyar nan ba ta taɓa aikowa a ɗauko ni ba. Ita take zuwa." Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ta kira matar ɗanta ta ce a ɗaure mata kayanta, a sa har da bargo. Ba ta tambaye ni komai ba.

Ta taka matakalar da ƙafarta, ɗanta yana riƙe da ita. Da ta zauna ta shafa kujerar, ta shafa matashin da ke gefen hagu, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Wannan ba don ni aka sa shi ba." Na ce don kowa ne. Ta ce, "Ja mu tafi, ɗan nan. Kada ka yi gudu, kuma kada ka yi nawa."

Mun iso rana ta yi sanyi. Auta ta ce tun azahar Malama ta sa aka ɗaura mata shuɗin zanen, aka fesa turare, aka tokare ta da matasai har ta yi kamar a zaune take. Muna shiga ta ɗaga murya, muryar aji, ban san inda ta samo ta ba. "Yaya! Sannu da hanya! Kin gan ni nan, aiki ya yi min yawa, ko tashi ban samu yi ba."

Na kai Yaya bakin gado. Ta laluba ta kamo hannunta. Ta riƙe wuyan hannun, yatsunta suka zagaye shi har suka haɗu suka wuce. Ta hau da hannu zuwa kafaɗa, zuwa kumatu, zuwa ƙarƙashin ɗankwali. Ina tsaye ina kallon fuskar Yaya, ba abin da ya motsa.

Ta ce, "Iye! Lallai mijinki yana ciyar da ke. Dubi yadda kika yi ƙiba, 'yar nema."

Malama ta ce, "Ai na gaya masa ya rage, ba ya ji."

Na fita. Auta ma ta fito ta same ni a bayan mota, tsakanin buhunan yashi.

Lahadi, da rana

Gado ɗaya suke kwana. Yaya ta kore ni zuwa falo, ta ce na yi nawa shekarun, yanzu nata ne. Ta taga ina jin su. Tun safe suke musu a kan wata tukunya da ta fashe suna yara, kowace ta ce ɗayar ce ta fasa. Yaya ce ke yawancin maganar. Malama takan ce "ƙarya ne" a hankali, sai Yaya ta ci gaba. Da cokali take ba ta shayi, tana laluben bakinta da yatsa, kuma daga hannunta tana karɓa.

Mai Faci ya leƙo ya ce yaya mai jiki. Yau ban ce da sauƙi ba, shi ma bai sake tambaya ba.

Talata, da yamma

Malama ta kira ni ta ce in zauna ta ɗaya gefen. Na zauna.

Laraba, da hantsi

Na fitar da motar waje don a samu wurin shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarmi.

Litinin, da yamma

Mutane sun ragu. Yaya ta ce in mayar da ita gida, ta gama abin da ya kawo ta. Auta ta roƙe ta ta zauna da mu, ta ce a'a, ba ta san inda ƙofofin gidan nan suke ba.

Muka kama hanya har muka haye rafi. Ta ce, "Ta ɗauka ban sani ba ko?" Na ce haka ta ɗauka. Ta ce, "To madalla." Da muka isa ɗanta ya sauke ta, ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi min albarka, ta ce kuma in riƙa cin abinci, hannuna ya fara zama irin na 'yar'uwarta.

Na juyo ni kaɗai. Motar ba kowa, ba abin da zai hana in taka ta in isa gida da wuri. Sai da na hango kwalta na lura tun daga kan tudu a giya ta ɗaya nake. Kowane rami sai na zagaye shi, wanda ba ya zagayuwa in shiga da taya ɗaya-ɗaya, hannuna guda a miƙe a gaban kujerar ina tarewa.

Wani mai babur ya cim ma ni, ya rage gudu ya leƙo ta taga. Ya ce, "Baba, ko motar ta samu matsala ne?"

Na ce lafiyarta ƙalau. Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya wuce. Ban ƙara gudu ba.